Yadda zaka fahimtar da shabab ɗinmu, wato matasanmu na Makka, maganar yawan jama'a da ƙarancin ruwa ba tare da taro ya watse maka ba

Yaran da aka haifa mana a nan Makka da Jidda da Madina yawancinsu basu taɓa ganin an zura guga a rijiya ba, basu taɓa ganin gero a tsaye a gona ba, ruwa dai a murɗa famfo, shinkafa a je baƙala wato shagon unguwa, in mukayyif wato na'urar sanyaya ɗaki ya tsaya a kira mai gyara. Ba laifinsu bane haka suka buɗe ido suka tarar. To amma ƙasar nan da suke zaune ko kogi ɗaya mai gudu duk shekara bata da shi, kuma duniyar da zasu girma a cikinta ta cika mutum biliyan 8 tun ranar 15 ga Nuwamba 2022 a lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan rubutun na iyaye ne da yayye da malaman halƙar karatu, da duk wanda yake da samari ko 'yan mata a gabansa yana son su gane inda aka dosa. Ba sai kana da digiri ba, bokiti da sikeli da waya mai kalkuleta sun isa, sai haƙuri.

Abu na farko kada ka kuskura ka buɗe baki da maganar haihuwa. Wallahi kana cewa "mutane sun yi yawa a duniya" an gama da kai, wannan yace turo ka aka yi, wancan yace ƙayyade iyali kake talla, kafin ka ankara labari ya kai kunnen Hajiya kaka, shikenan ba yaron da za a ƙara bari ya zo wajenka. Kuma ma ba a nan nauyin maganar yake ba, zan zo kanta a gaba. Ka fara da abin da yaro yake taɓawa da hannunsa kullum, ruwa da abinci, lissafin mutane ya biyo baya da kansa.

Taron kada ya yi girma, goma zuwa sha biyar sun isa, bayan isha'i a majalisar gida ko a saman soro in ba zafi sosai, a kawo shayi da tamis. Harshe kuma ka sake musu, da yawansu Larabci ya fi musu sauƙi, Hausar tana fita ne da ƙyar, in ka ce sai Hausa zalla zasu yi shiru suna danna waya. Ka yi da Hausa su amsa da abin da ya zo bakinsu, a haka ma suke tsintar Hausar.

Tambayar buɗewa guda ɗaya ce, ka ɗaga kofin ruwa ka ce wannan daga ina ya zo. Wani zai ce famfo. Kafin famfo fa? Hazzan, wato tankin ruwa, na saman gida. Kafin nan? Hazzan na ƙasa, ko wayit ɗin, wato tankar ruwa, da ya zo ya zuba. Wayit ɗin a ina ya ɗebo? A nan yawanci ake fara kallon juna, sai wani mai ɗan wayo yace tahaliya, wato tashar tace ruwan teku. Yawwa, to buɗe Google Maps ka nemo Shu'aiba a bakin Bahar Maliya kudu da Jidda, ka miƙa musu wayar su gani da idonsu. Daga can ake janyo ruwan teku mai gishiri, ko dai a tafasa shi a tara tururin ko a matsa shi da ƙarfin inji ya bi ta wata irin rariya mai ƙananan ƙofofi da gishiri baya wucewa, kowanne a ciki yana cin makamashi ba kaɗan ba, sannan a turo shi ta bututu ya hau tudu zuwa Makka, wani ma har Ɗa'if da ke can saman dutse. Riyad kuma daga Jubail ake kai mata, tafiyar sama da kilomita 400 daga Tekun Fasha. Saudiyya ce ta fi kowace ƙasa a duniya tace ruwan teku. Abin da kake so ya zauna musu a kai shi ne ruwan da ke cikin kofin nan sai da aka ƙona mai ko gas kafin ya zo, ranar da injin ya tsaya babu wani kogi da za a ce a tafi a ɗebo.

In akwai tsoho a unguwa da ya ga zamanin bazan, wato wajen ɗiban ruwa na unguwa, da 'yan ga-ruwa masu gwangwani biyu rataye a sanda suna hawa duwatsun Makka suna kaiwa gida gida, ka roƙe shi ya zo ya zauna ko na rabin awa. Kada ka tsara masa abin da zai ce, ka dai ce Baba a ba su labarin yadda ake wanka da wanki a lokacin, gwangwani nawa gida yake sha a rana. Yara sun fi jin wannan fiye da duk wata lacca. Daga nan ka ja su baya kaɗan zuwa Ainu Zubaida, magudanar da Zubaida matar Haruna Rashid ta sa aka gina daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa saboda wahalar ruwa da ta ga alhazai suna sha, sama da shekara 1,200 kenan, kuma har yau ragowar gininta na nan a gindin duwatsu wajen Arfa da hanyar Muzdalifa, ranar Juma'a da yamma ana iya ɗibarsu a mota a je a gani. Ƙarancin ruwa a garin nan tsohon zance ne, famfo ne ya zo ya rufe shi.

Yanzu sai gwajin alwala, wannan kada ka tsallake shi ko da komai zaka bari. Ka sa bokiti a ƙarƙashin famfo, ka kira ɗaya daga cikinsu, zai fi kyau wanda ya fi surutu, ka ce ya yi alwala yadda ya saba kada ya canza komai. Zaka ga ya murɗa famfo har ƙarshe, ruwa na zuba yana naɗe hannun riga, yana zuba yana cire agogo, yana zuba yana kurkure baki, lokacin shafar kai ma yana zuba a banza ba wanda yake tara. In ya gama ka ɗauko robar ruwa mai lita ɗaya da rabi da mazurari, su da kansu su riƙa ɗurawa suna juyewa suna ƙirgawa da ƙarfi. Ba wuya ka ga lita biyar ko shida, wani ma fiye. Sai ka cika buta ka miƙa wa wani yayi tasa alwalar a kan wani bokitin, a auna. Bayan an gama dariya da tsokana sai ka faɗa musu abin da ya zo a Bukhari da Muslim daga Anas, cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar, mudun nan kuwa cikin tafin hannu biyu ne, bai kai lita ɗaya ba. Sai kalkuleta ta shigo. Lita 5 sau salla 5 sau mutum 8 a gida sau kwana 30, lita 6,000 kenan a wata a alwala kaɗai. In da lita ɗaya ake yi 1,200 ne. Ka bar su su yi ragin da kansu kada ka faɗa musu amsa. Ni a ganina butar da kakanninmu suka zo da ita a ƙafa daga ƙasar Hausa ta fi duk wani famfon zamani sanin darajar ruwa, kuma tana nan a kowane banɗakinmu, riƙe ta ne kawai aka daina.

Daga alwala ka faɗaɗa. A 2019 lokacin da gwamnati ta ƙaddamar da shirin Ƙatra na rage shan ruwa, an bayyana cewa mutum ɗaya a Saudiyya yana kashe kimanin lita 263 a rana, ana son a dawo da shi 150 kafin 2030. Ka ce su raba 263 da 25, jarka goma da rabi kenan ga mutum ɗaya kullum. To su tuna 'yar goggonsu da ke ƙauye a Damagaram ko Katsina da take ɗauko jarka a ka, sau nawa zata je rijiya kafin ta kawo wa mutum ɗaya wannan.

Labarin alkama kuma shi ne wanda nake ganin ya fi koyar da ma'anar abu mai iyaka, don ya faru ne a nan ba a wata ƙasa ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta zuba tallafi a noman alkama, ana saye daga manoma da farashin da ya ninka na kasuwar duniya, aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a Ƙasim da Ha'il da Tabuk da Wadi Dawasir. Ka sake buɗe taswirar ka juya ta hoton tauraron ɗan'adam, zasu ga wasu da'irori kore kore a tsakiyar sahara, gonaki ne da injin ban ruwa yake zagayawa. Abin ya yi kyau har ƙasar da ba kogi ta kai tana noma sama da tan miliyan 4 a 1992 tana sayar wa waje. Sai dai ruwan da ake janyowa ya taru ne a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru lokacin da yankin yake samun ruwan sama, yanzu kuma abin da yake sauka bai isa ya mayar da shi ba. Kamar kuɗin gado ne da mutum ya ɗauka albashi ne, yana ci yana jiran ƙarshen wata. A 2008 aka yanke shawarar a riƙa rage sayen alkamar gida duk shekara har aka tsayar a 2016, daga baya aka ɗan sake buɗewa da iyaka, sannan a ƙarshen 2018 aka taƙaita noman ciyawar dabbobi don ita ma shan ruwa gare ta. Kamfanin Almarai da suke shan madararsa kullum sai da ya je ya sayi gonaki a Ajantina da jihar Arizona ta Amurka yana nomo ciyawa yana kawowa a jirgin ruwa. Ka tsaya a nan ka tambaye su, da ku ne masu yanke shawara a 1985 me zaku yi, ku noma abincinku ku ƙarar da ruwan ko ku ajiye ruwan ku dogara da wasu ƙasashe su ciyar da ku. Babu amsa mai sauƙi, ka bar su su yi musu, musun shi ne darasin.

To sai yanzu ne zaka kawo lissafin mutane, kuma sa'ar da muke da ita a Makka ita ce yaranmu sun san yadda taro yake. Biliyan 8 ba ta da ma'ana a kunnen kowa, amma cunkoson ranar Arfa da na jifa sun gani. Alhazan 2024 kimanin miliyan 1.8 ne. Ka ce su raba biliyan 8 da miliyan 1.8, zasu samu sama da 4,400, wato da ace duk mutanen duniya zasu zo su tsaya a filin nan bi da bi, taro ɗaya a shekara, sai an yi shekara dubu huɗu da ɗari huɗu ba a gama ba. Musulmi kaɗai, kusan biliyan 2, sai an haura shekara dubu. Sannan duniya tana ƙaruwa da wajen mutum miliyan 70 a shekara bayan an cire waɗanda suka rasu, su raba da 365, zasu ga cewa kusan duk kwana goma ana ƙara taron Arfa guda a bayan ƙasa, kowannensu da bakinsa da ƙishirwarsa.

Ka ɗauko igiya ko ka ja layi a ƙasa ka sa alama. Tun farkon ɗan'adam ba a cika biliyan 1 ba sai wajen 1804, shekarar da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, wannan yana taimaka musu su riƙe shekarar. Biliyan 2 a 1927, ta 3 a 1960, ta 4 a 1974, ta 5 a 1987, ta 6 a 1999, ta 7 a 2011, ta 8 a 2022. Su lura da tazarar da kansu, shekara 123 tsakanin ta farko da ta biyu, sannan ta dawo sha biyu sha uku. Saudiyya a ƙidayar 1974 kimanin miliyan 7 ce, a ta 2022 ta kai miliyan 32.2, a ciki miliyan 13.4 ba 'yan ƙasa bane, mu Hausawa muna ɓangaren nan muna wancan. Najeriya wajen miliyan 45 a 1960 yanzu ta wuce 220. Nijar bata kai miliyan 4 ba a 1960, yau ta haura 25. Akwai wata dabarar lissafi mai sauƙi da samari ke so, ka raba 70 da yawan ƙaruwar shekara ka san shekarun da jama'a zata ninka, in kashi 3 cikin 100 ne shekara 23 kenan, in kashi 1 ne shekara 70. Gari mai ƙaruwa da kashi 3 yana nufin kafin jaririn yau ya yi aure ana buƙatar ninkin makarantu da asibitoci da ruwan da ake da su, don kawai a tsaya inda ake.

Aikin gida da zaka basu shi ne kowa yaje wajen kakarsa da takarda da biro, a rubuta 'ya'yanta da jikoki da tattaɓa kunne. Wannan daɗi yake wa tsofaffi, zasu yi ta lissafi har da na Kano da na Gadarif da na Inyamai. Amma ka ƙara musu tambaya ɗaya su yi cikin ladabi, Hajiya ku nawa mahaifiyarku ta haifa kuma nawa suka girma. A nan ne zasu ji an haifi goma huɗu suka rayu, ƙyanda ta ɗauki wannan, agana ta ɗauki wancan, wani bai kai yaye ba. Daga nan zasu gane da kansu cewa duniya bata cika don mutanen yanzu sun fi na da haihuwa ba, a'a yara ne suka daina mutuwa kamar da. Rigakafi, ruwa mai tsabta, magani, an kawar da agana daga duniya gaba ɗaya a 1980, yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar sun sauko daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5. Ni'ima ce wannan, kada ka bari wani yaro ya tashi daga wajenka yana ganin yawan danginsa abin kunya ne.

Dole wani zai ce maka, ko yaro ko babansa, "Kawu ai bakin da Allah ya tsaga baya hana shi abinci," ya karanto maka ayar Suratu Hud cewa babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana ga Allah. Kada ka ja da shi, gaskiya ya faɗa, ka ce masa haka ne ɗana, to buɗe mana Suratu Yusuf. Sarki yayi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, Annabi Yusuf bai ce a kwanta Allah zai kawo ba, cewa yayi a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci, saboda shekaru bakwai masu tsanani na tafe. Lissafi ne da tanadi daga bakin Annabi, har da dabarar ajiya, kuma duk wanda ya san rumbu a ƙasar Hausa ya san gero a damminsa ake ajiye shi don ya fi daɗewa ƙwari basu cinye ba, su dai yaran basu sani ba sai ka nuna musu hoto. Ka haɗa da ayar Suratul A'araf, ku ci ku sha kada ku yi almubazzaranci. Maganar ko mutum zai haifi nawa kuma ka barta tsakaninsa da iyalinsa da likita da malaminsa, ba aikin wannan zaman bane. In sun taso da maganar kuɗin murafiƙin, wato wanda baƙo yake biya wa iyalin da ke zaune da shi, da ya fara da riyal 100 a 2017 ya kai 400 a wata kan kowane mutum a 2020, ka saurara, don da yawansu sun ga an mayar da ƙannensu gida a kansa, amma kada ka mayar da shi hujjar komai.

Kuma don Allah kada ka tsorata su. Wasu in sun fara wannan magana sai su koma kamar gobe duniya zata ƙare da yunwa, alhali alƙaluman ba haka suka ce ba. Saurin ƙaruwar jama'a ya kai ƙololuwa a shekarun 1960 da kashi 2 cikin 100, yanzu ya sauko ƙasa da kashi 1. A da mace ɗaya a duniya tana haihuwar biyar a matsakaici, yanzu biyu da ɗan wani abu. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 yace za a tsaya wajen biliyan 10.3 a tsakiyar shekarun 2080 sannan a fara raguwa. Japan ta daɗe tana raguwa, Sin ta fara a 2022 har Indiya ta wuce ta a 2023, Koriya ta Kudu kuwa neman masu haihuwa take ido rufe. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Malthus ya rubuta tun 1798 cewa mutane zasu fi ƙarfin abinci, sai takin zamani da ingantaccen iri suka zo suka ninka amfanin gona, duk da cewa su ma ruwa suke ci da makamashi, kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗi da ake ɗiba a duniya noma ne yake shanye shi. Abin da nake son yaro ya kama shi ne lissafin yana da gida biyu, mutum nawa, sannan kowane mutum nawa yake ci nawa yake zubarwa. Gida mai mutum huɗu a Jidda da mukayyif uku da mota biyu yana iya cinye abin da ƙauye guda baya ci, kaga a nan gidan lissafin na biyu, na ci da zubarwa, shi ne namu.

Wanda ya kawo mu kan sufra, wato shimfiɗar cin abinci. Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar nan ta fitar a 2019 yace kimanin kashi 33 cikin 100 na abinci yana lalacewa ko a zubar, kilo 184 kan kowane mutum a shekara, kuɗinsa riyal biliyan 40. Maimakon ka karanta musu wannan ka jira walima ko suna ko ɗaurin aure a istiraha, wato gidan biki na haya, ka nemi izinin mai gida tun da wuri a keɓe, kada a kunyata kowa. Ka ba samari uku safar hannu da leda da sikelin rataye irin na auna kayan matafiya. Bayan an tashi daga kan faranti su ware kashi biyu, wanda hannu bai taɓa ba da wanda aka cakuɗa, shinkafar kabsa da ta sha mai an tura ta gefe da ƙashi da bawon lemo da rabin gwangwanin Pepsi da aka juye a kai. Su rataya su karanta su rubuta. Sai ka ce musu ana ƙiyasta kilo ɗaya na shinkafa yana cin ruwa wajen lita 2,500 kafin ya iso tukunya, ta dafu ta kumbura don haka su raba nauyin da uku su ninka da 2,500, ruwan manomin Indiya ne wannan da ya haye teku ya zo ya ƙare a kwandon sharar baladiya, wato hukumar gari. Ragon kuma wataƙila daga Sudan ko Somaliya ya taso. Mai kyaun a zuba a robobi tun da zafinsa a kai wa masu shara da masu gadi da maƙwabta, in taron babba ne akwai ƙungiyoyin kiyaye ni'ima irin su Iɗ'am da ake kira tun kafin ranar su zo su kwashe. Ka basu misalin naman hadaya, a da jibge shi ake a Mina a binne, tun 1983 aka fara shirin da aka ɗora wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi kula da shi a lokacin, ana yankawa a daskarar a raba wa mabuƙata a nan da wasu ƙasashe, naman bai ƙaru ba tsari ne aka sa masa.

In da hali a wani zaman a kira wani kawu na gida ta WhatsApp a sa a sifika, a tambaye shi gonar kakansu da ake noma dami ɗari yanzu mutum nawa suka raba ta, nawa ake sayen buhun gawayi, rijiyar gari gaba nawa aka ƙara mata. In ɗan wajen Borno ne ko Diffa ya basu labarin Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 sannan fari da ɗiba suka janye mafi yawansa. Wata rana wasunsu can zasu koma, gara su ji tun yanzu.

'Yan mata kada a bar su a baya, a yi musu nasu zaman da wata anti ko malama, hasali ma su suka fi sanin kofi nawa ake aunawa da nawa ake zubarwa, kuma in suka yarda da abu a kicin ya zauna. Lokaci kuma kada ka sa shi a goman ƙarshe na azumi ko a mausim, wato lokacin aikin hajji, kowa yana wajen nema, bayan alhazai sun watse ya fi. Kafin a tashi kowane yaro ya ɗauki abu guda ɗaya tak da zai auna a gidansu na wata ɗaya, ba alƙawarin baki ba, abin da ake rubutawa a lamba. Wani ya ɗauki faturar wuta, wato takardar kuɗin wuta, ya mayar da mukayyif kan 24 ya kashe na ɗakin da ba kowa, wani ya duba bawul ɗin hazzan da na bayan gida don yoyon da ba a gani yafi cin ruwa, wata ta rage kofi ɗaya a shinkafar rana ta ga ko wani zai ce bai ƙoshi ba. Waɗanda suke imara, wato benen haya, mai mita ɗaya da ake raba kuɗi, su rubuta ranar da wayit ya zo da ranar da aka sake kiransa, a kwatanta da na watan gaba, kowa ya turo hoton takardarsa a guruf kafin zama na biyu.